Hakin Bariki Ya Gama da Kajina

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙunmu. Ni ce Hawwa'u daga Wurno, ƙanena na sa ya rubuto mini.

Maigidana lebura ne a bariki, shi ka yankan haki da langalanga a ƙofar gidan Bature. Da damanar ga maigida yac ce asara ce a riƙa ƙone hakin, sai ya dinga kwaso ma kajina da nika kullewa saboda shuka. Ba a jima ba wuyansu yak kumbura, sunka daina cin tsaba, sunka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Maigida yar rantse maƙwabcinmu Baba Ummaru yab ba su guba, har ya faɗa mishi haka gaban mutane.

Sai da munka yanka ta ƙarshe munka iske hakin ya naɗe cikin wuyanta kamar gammo, har yana wari. Ashe haki in yana tsaye, guntu-guntu kaza ka tsinka, yankakke kuwa da tsawonshi taka haɗiye shi.

Masu kaji ku kiyaye. Malam, mi za mu yi? Kaji dai sun tafi. Baba Ummaru kuwa, wanda yar raɗa ma ɗana suna, ya daina amsa sallamarmu.