Direba Uku a Kwali Ɗaya

A tashar Gaya muna jiran motar Kano ta cika, wani saurayi ya gama waya, sai dattijon da ke gefensa ya matso.

"Ɗana, na ji ka ce direba uku za ka ɗauko. Ga ɗaya a zaune. Tun da maigidana ya sayar da motarsa nake zaman gida."

"Ayya Baba, ba irinku ba ne. Injin sassaƙa ƙofa nake haɗawa, wanda kwamfuta ke sarrafawa. Direbobin 'yan na'urori ne, kwali ɗaya zai ɗauke su."

"Ikon Allah! Me suke tuƙawa?"

"Mota, amma ta lantarki mai juya injin. Kowanne da 'yar motarsa: wannan gaba da baya, wannan hagu da dama, wancan sama da ƙasa."

"Wa ke ba su hannu?"

"Wani ɗan allon lantarki mai ba su umarni. Shi ne ban gama zaɓa ba."

"Zaɓi mai jin birki. To in ƙofar ta sassaƙu, wanne cikin ukun zai kai ta kasuwar Ajingi?"

Sai saurayin ya fashe da dariya.

"Akori-kurar yayana na nan a ajiye, ba mai ja. Baba, faɗi lambar wayarka."