Wai Fuskata Ce Ba Daidai Ba

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, Fasto, dattawa, iyayena mata da 'yan'uwa duka. Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Dauda, direban kamiyo ne ni, wato babbar mota, ina ɗaukar siminti daga nan Malbaza zuwa Konni, Tawa, har Yamai. Na tashi in ba da shaida, amma in kun ji muryata ta hau, ku yi mini haƙuri. Akwai abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Kun san ni da barci. Kada kowa ya sunkuyar da kai, na san abin da ake faɗi! Fasto na fara wa'azi, kaina zai lanƙwashe, minshari ya tashi kamar injin niƙa. A bencin baya har cewa ake, "Ga Dauda can ya ce amin." Wata 'yar'uwa ta tare matata Rahila a bakin ƙofar majami'ar nan ta ce, "Ki bincika, ko maigidanki ya fara shan burkutu a ɓoye." Ni da giya ba ta taɓa shiga bakina ba! Wani kuma ya ce dannau ne, rashin addu'a ya jawo mini. Kuna dariya, ni ko ina mutuwa a tsaye.

Rahila kaɗai ta san gaskiya. Ita ke ganin numfashina ya tsaya cak in na kwanta, sai ta girgiza ni in zabura ina haki kamar wanda anka shaƙe. Gari ya waye in tashi kai na sara, baki a bushe, sai ka ce ban kwanta ba.

Ranar da abin ya kai maƙura, ina tafe da lodi da rana tsaka, na iso Dogarawa ranar kasuwa. Ban san sa'ad da idona ya rufe ba. Ihu ne ya tashe ni. Na buɗe ido na ga kamiyo ya bar kwalta ya nufi mata masu saida albasa. Na danne birki ina kiran sunan Yesu! Buhunan albasa na murƙushe, amma akwai wata tsohuwa da tayar gaba ta tsaya dab da zanenta. Ko ihu ba ta yi ba, kallona kawai take.

Alhaji mai motar ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce, "Dauda, ba ni makulli. Ba ni da direba kamarka, amma ba ka kashe mini mutane. In lokotoro ya ce ka warke, motarka na nan. In damina ta faɗi ba ka warke ba, sai in ba wani." Ban ga laifinsa ba. Amma motar nan ita ce tuwon gidana.

A asibiti anka kwantar da ni da wani ɗan abu maƙale a yatsa. Lokotoro ya ce maƙogwarona ne ke rufewa in na yi barci, shi ya sa jiki ba ya hutawa. Maganin, in ji shi, wani inji ne mai hura iska ta tiyo, da maski, wato robar da ake ɗaurawa a fuska. Ya rubuta mini ƙarfin iskar da ta dace da ni, ya ce, "Akwai mai saida kayan asibiti a Yamai. Ka tahi da kanka, ya ga fuskarka."

Na buga wa mutumin waya. Da ya faɗi kuɗin, saura kaɗan wayar ta faɗi daga hannuna.

Nan ne wani mai siber a Konni, inda ake biya a shiga intanet, ya same ni. "Haba Malam Dauda! Waɗannan na Yamai ai ɓarayi ne, su ma nan suke saye su ninka maka. Dubi!" Ya nuna mini hoton wani Bature kwance da maski yana barci yana murmushi. Ya ce akwai ƙarami, matsakaici da babba, wanne za a sa? Na ce kalle ni da kyau, na yi kama da mai ƙarami? Sa babba! Iyakar awon da anka yi mini ke nan, 'yan'uwa. Na saida babur ɗina, Rahila ta saida tumakinta, wan mai siber da ke Faransa ya biya da katin banki. Munka zauna jira, 'yan duwan, wato kwastan, su ma sunka ci nasu, sannan kwali ya iso.

Yanzu ku dube ni da kyau. Kun ga tsagar nan daga gefen bakina har kunne? Ubana Bagobiri ne, kuma wanzamin gidanmu ba ya wasa da aska. Ina ɗaura maskin nan na kunna inji, sai iska ta bi ta cikin kowace tsaga tana fito, fiii, tana shiga mini ido. Na ƙara ɗaure maɗauri har karan hancina ya yi gyambo. Rahila ta cusa auduga, ta liƙa filasta, har man kaɗanya ta shafa mini ta cike tsagar kamar mai yaɓen ɗaki. A banza! Da can ni kaɗai ba ni hutawa, yanzu mu biyu ne.

Na koma siber, anka ɗauki hotona anka aika wa kamfanin da ya saida maskin. Kun san amsar da sunka bayar? Wai kayan da anka buɗe ba a maidawa. Wai maskinsu ba shi da aibi, fuskar mai saye ce ba daidai ba. Har suna tambaya wane irin hatsari na yi.

Hatsari! Tsagar gidan ubana ce hatsari? Sa'ad da suke karɓar kuɗin tumakin Rahila, wa ya tambayi fuskata? Mutum yana can bayan teku, bai san ko ina da hanci ba, ya ce ni ne ba daidai ba! Na juya ga mai siber, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ni mi zan yi? Ai kai ka ce babba." Na fita kafin hannuna ya yi abin da bai dace da mai bi ba.

Ban nufi gida ba, gareji na tahi. Ga motata a tsaye, ga wani direba yana zagaya ta yana bubbuga tayoyi, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na zaga bayan motar na durƙusa cikin baƙin mai. Ba addu'ar ladabi na yi ba, gaskiya nake faɗa muku. Na ce, "Ubangiji, kai ka yi fuskar nan! Kai ka san kowace tsaga da ke kanta. Mutanenka sun ce ni mashayi ne, baƙi sun ce ni ba daidai ba ne, kai kuma ka yi shiru? In ba ka taimake ni ba, wa nake da shi?" Na yi kuka kamar yaro. Ina nan durƙushe sai maganar lokotoro ta dawo mini kamar yanzu yake faɗin ta: ka tahi da kanka, ya ga fuskarka.

Wani abokin aiki ya ɗauke ni zuwa Yamai. Ni Dauda, a kujerar fasinja, rungume da kwali!

Mai shagon sunansa Hamani, Bazabarme ne. Kun dai san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa. Ko sallama ban ida ba ya dubi fuskata, ya leƙa kwalin, ya kwashe da dariya: "Lale da bawana! Kai Bagobiri, kun yi wa fuska kunya-kunya kamar gonar dankali, sannan kuna so roba ta zauna? Wa ya saida maka wannan kwandon?" Na ce, "Bazabarme, in ka gama haushi, ka duba ubangidanka." Rabona da dariya tun kafin Dogarawa.

Ya zaunar da ni. Ya kama haɓata ya juya dama, ya juya hagu, ya bi tsagar da yatsa. Ya ɗauko wani ɗan ƙaramin maski da ke zama a ƙofofin hanci kaɗai, ba ruwansa da kumatu. Ya gwada ɗaya, ya cire, ya gwada wani. Ya duba injin ya ce lafiyayye ne, sai dai ba wanda ya daidaita shi da abin da lokotoro ya rubuta, ya daidaita. Ya nuna mini yadda zan haɗa shi da batirin mota in an ɗauke wuta. Sannan ya shimfiɗa mini tabarma bayan kanta ya ce, "Kwanta in gani. Ba ni saida wa taubashina abin da ban gani a fuskarsa ba."

'Yan'uwa, barci ya kwashe ni, sai la'asar sakaliya anka tashe ni! Na buɗe ido kaina wasai, har hasken shagon ya yi mini daban. Haleluya!

Kada ku ce kyauta ya ba ni, wane Bazabarme! Ya caje ni, na yi ta mita, kuma har gobe ina cewa kayansa sun yi tsada. Amma ya dube ni.

Lokotoro ya sake maƙala mini abin yatsa, ya ce in hau mota. Ruwan farko na sauka, Alhaji ya miƙo mini makulli. Lodina na farko na tsaya a Dogarawa, na sauka ina neman tsohuwar nan cikin masu albasa. Ita ta riga ni. Ta nuna kumatuna ta ce, "Bagobirin nan ne mai mota! Ɗana, ka farka?"

Na ce, "Na farka, Inna."

Da tsagar da anka ce ba daidai ba ta gane ni.

Saboda haka ina gode wa Yesu da ya tsaida tayar nan, ya riƙe numfashina, ya maida mini aikina. Ina gode wa Rahila, kuma a gaban ikkilisiya nake cewa tumakinki za su dawo. Ku kuma, in kun ga ɗan'uwa yana gyangyaɗi, ku tambaye shi lafiya kafin ku raɗa masa suna. Mai ciwo, kada ka fid da zuciya, ka kai kukanka ga Ubangiji ko da faɗa-faɗa ne, yana ji. Fasto, yau na ji wa'azinka daga farko har ƙarshe, ashe haka yake da tsawo!

Ku dogara gare shi. Ya san fuskar kowa a nan, da tsaga da babu. Amin.