Tauraro Ɗaya Ya Raba Ni da Yayana

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Sabi'u ne daga Getso.

Ni mai rubuta komai ne a littafi kafin in aikata, amma na yi kuskure. Na je Gwarzo sayen talabijin don kallon ƙwallo, na ga kowace da takardar taurari a jikinta. Na ɗauka yawan taurari shi ne yawan cin wuta, sai na zaɓi mai tauraro ɗaya. Ashe ita ce mai shanye wutar.

Sola ɗaya ce a gidanmu, ita ke riƙe firijin da muke ajiye allurar ciwon sukarin Inna. Da na jona talabijin ɗin, batirin solar ya riƙa mutuwa, allurar ta lalace, Inna ta faɗi sumammiya.

Yaya Habu ya ɗauko taɓarya ya farfasa talabijin ɗin. Ya ce, "Don ƙwallo za ka kashe mana uwa?" Ya shaƙe ni, na kai masa naushi, haƙorinsa ya fita, jini ya wanke rigarsa.

Inna ta farfaɗo, amma Yaya ko sallamata ba ya amsawa. Malama, ki bayyana wa jama'a taurarin nan da Hausa. Ni kuma ku ba ni shawara, da wace fuska zan je masa? Haƙorin yana wurina, naɗe a takarda.