Jan Layi da Tiyon Ruwa

A wata rumfar kayan gini a kasuwar garin Puebla, tsohon magini Don Eusebio ya tsaya yana hararar wani ɗan akwati mai haska jan layi a bango.

"Wannan kayan aiki ne ko wasan yara?" ya tambayi matar da ke da rumfar.

Ta ce, "Leza ce, Baba, ta daidaita gini. Abin da ke cikinta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wutar batir na shigarsa, sai ya fitar da siririn haske, ba ya bazuwa, ba ya karkacewa."

"Shekara arba'in ina daidaita gini da tiyo mai ruwa. Ni a wannan baki, abokin aikina a wancan, inda ruwa ya tsaya nan muke sa alama. Ruwa bai taɓa yi min ƙarya ba!"

"To, me ya kawo ka rumfata?"

"Kallo. Ko an hana?" Ya ja da baya, ya ƙanƙance ido. "Kai, har daga nan ina ganin jan layin! Ai ruwan zamani ne ya lalace, ba ya ganuwa a cikin tiyo. Makon jiya na sa wa wata mata taga, yanzu sai ta karkata kai take leƙe."

Ta gimtse dariya. "Laifin ruwan ne, Baba, ba na ido ba."

"Yauwa, 'yata, ke kin gane." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Sa min lezar a ƙasan jaka, ki naɗa sabon tiyo a kai. Kada a ce Eusebio ya tsufa."