Na Yi Wa Ɗana Huɗuba Da Lasifika

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Tafoki nake rubutowa.

Mun yi faɗa da yayan matata kan iyakar gona. Alƙali ya ba da belina bisa sharaɗin kada in taka gidan surukaina ko in buga musu waya. Matata kuwa tana can goyon ciki, ranar Talata ta haihu.

Huɗuba haƙƙin uba ce. Washegari bayan azahar na ari lasifikar masallacin unguwarsu, na yi wa jaririn kiran salla, na faɗi sunansa. Duk gari ya ji, saura kwana shida suna.

Baba surukina ya aiko: "Ƙafarka ba ta shigo ba, amma muryarka har ɗaki. Sai kotu."

Lauyoyi masu sauraro, murya tana karya beli? In tana karyawa, a bari in ci naman suna tukuna.