Jiƙon Ganye da Allurar Shanu

A tashar mota, wata ɗalibar likitancin dabbobi na zaune a benci rungume da kula. Wani dattijo makiyayi ya zauna gefenta.

"'Yata, abinci ne a ciki?"

"Jinin shanu ne, Baba. Bincike nake yi. Muna yi musu rigakafi, sai mu ba wasu jiƙon ganye, mu ga ko jikinsu zai fi jure cuta."

Ya yi dariya. "Shekara nawa kina karatun?"

"Biyar."

"Shekara biyar kina neman abin da kakata ta sani, ita da ba ta taɓa riƙe biro ba. Kin ma iya tatsa?"

Ba ta iya ba. Har yanzu sai an ɗaure mata saniya take matsawa kusa. Ta haɗiye haushinta.

"To ku, bayan allura da kwana nawa kuke ba su jiƙon?"

"Wace allura? Masu allurar da suka zo bara, da sanda na raka su."

"Ai ganyen taimaka wa allura yake, ba ya maye gurbinta. Shanunka nawa?"

"Arba'in da biyu," ya faɗa da ƙarfi. Sai ya gyara zama. "Kafin damina."

"Yanzu fa?"

Ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Motar nan tana bi ta asibitin dabbobi? Wani maƙwabcina ne ke tambaya."

"Tana bi, Baba. Ka ce maƙwabcin ya hanzarta, tun yana da abin da za a yi wa allurar."