Yadda Ubangiji Ya Fitar Da Ni Daga Rancen Waya

Iyayena da 'yan'uwana, salama a gare ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rifkatu, ina sayar da agushi da shinkafa a kasuwar Lafia.

Lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tiransifa. Ni kuwa abin da na sani a waya shi ne kira da ɗauka. Wata rana wani mutum ya zo da mota, ya loda duk buhunan agushin da na saro daga Obi. Wayata ta yi ƙara, ya ce, "Madam, alat ya shiga." Na ga saƙo, har gyara na yi masa. Da na je cirewa, mai POS ya ce, "Mama, babu abin da ya shiga fa." Ashe alat na bogi ne! Jarina kaf ya tafi.

Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Wata a kasuwa ta nuna mini masu ba da rance ta waya, na karɓa. Kuɗin ruwa ya fi ƙarfina, na ci wani rancen don in biya na farko. Da na kasa, sai suka tura hotona ga duk wanda lambarsa ke wayata, suka rubuta ɓarauniya. Surukaina sun gani. Baba Fasto ya gani. Wayyo, 'yan'uwa!

Na kulle shago, na daina zuwa sujada. Ko ƙarar waya na ji, sai in kashe ta don tsoro.

Sai uwar zumuntar mata, Mama Hannatu, ta same ni a gida a unguwar Bukan Sidi. Na ce, "Mama, ba ni da fuskar da zan dube ki." Ta ce, "Ba fuskarki na zo gani ba, 'yata. Durƙusa." Muka durƙusa. Na buɗe baki, kuka kawai ke fitowa. Da ƙyar na ce, "Ya Yesu, sun ɓata sunana, amma Kai ka san ni." Nan take na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na tashi na ce, "Mama, gobe zan buɗe shago."

Na buɗe kuwa! Wata Hajiya mai injin shinkafa ta ce, "Rifkatu, na san ke ba ɓarauniya ba ce. Ɗauki kaya, ki sayar ki kawo." Mama Hannatu, wadda tsohuwar malamar makaranta ce, ta zaunar da ni ta koya mini duba asusuna da kaina. Na yi ta kuskure, ban fasa ba. A hankali na biya rancen nan har ya ƙare, na goge masu rancen nan daga wayata da hannuna. Haleluya!

Jarina bai koma kamar dā ba tukuna, kuma har yau akwai masu kawar da kai in na gaishe su. Amma ina tsaye, ba zan ƙara kulle shagon nan ba.

Na gode wa Ubangiji. In akwai wanda yake zaune a nan wayarsa tana ba shi tsoro, kada ka ɓuya. Ka faɗa wa Yesu, ka faɗa wa ɗan'uwa. Wanda ya tashe ni zai tashe ka. Amin.